Koren Shayin Alhaji Mamman

Jiya na ji ɗayanku, yana zaune a kan bencin nan nawa da kofina a hannunsa, yana cewa wai idan aikin gwamnati ya ƙi samuwa ai ko shayi mutum ya kafa. Ko shayi! Ban tanka ba saboda mutane sun yi min layi. Yau da sauƙi, don haka ku gyara zama ku ji abin da kuke rainawa.

Ni Sale, shekara talatin da 'yan kai ke nan ina wannan teburi a bakin tashar Malumfashi, ta ɓangaren da motocin Dayi ke lodi. Amma ba a nan na koya ba. A Funtua na koya, wurin wani Buzu da ake kira Malam Agali, kusa da inda ake awon auduga. Wata huɗu na yi ban taɓa butarsa ba. Wanke kofuna, hura gawayi, ɗebo ruwa, shi ke nan aikina. Ranar da ya fara bari na dafa, na zuba masa, ya kurɓa sau ɗaya ya tofar.

Ya ce, "Wace rijiya?"

Na ce, "Ta nan kusa, Malam. Ta bayan masallaci layi ya yi yawa."

Bai zage ni ba. Ya ɗauki tukunyar gaba ɗaya ya juye a kwata, ya miƙo min jarka. Ruwan rijiyar kusa yana da zartsi, harshena bai ji ba, nasa ya ji a kurɓa ɗaya. A wurinsa na san cewa ruwa yana da kuka iri-iri a cikin buta, kuma kunne ne ke gaya maka lokacin saukewa, ba ido ba. Na san gawayin da ke sa wa shayi warin hayaƙi. Na san yadda ake ɗaga kofin juyi sama a zubo ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa teburi ba, kuma ba don burge mutane ake yi ba, don sukari ya narke ne, zafin kuma ya daidaita da leɓen mai sha.

Abin da ya fi duka wuya shi ne mutane. Manomi ya taho daga gona tun asuba ba komai a cikinsa, ya ce ka ba shi baƙi mai kauri. Idan ka bi maganarsa, kafin ya kai bakin titi jiri ya kwashe shi. Sai ka sassauta masa, ka tura masa burodi gaba, ba tare da ya gane ka canza masa komai ba. Mai gyambon ciki ba ya faɗa maka yana da shi, a yadda yake dafe ƙirji idan ya haɗiya za ka gani. Abin da za ka zuba a kofi cikin mutum zai shiga. Wanda bai ji tsoron wannan ba, bai kamata ya hura wuta a bakin hanya ba.

To ga labarin da nake so ku ji.

Akwai Alhaji Mamman, direban babbar mota, yana ɗaukar masara daga kasuwar Dandume zuwa kudu. Sama da shekara ashirin, duk safiyar da yake gari, a nan yake karyawa. Shi ba ya shan shayi. Gahawa yake sha, irin ta gwangwani, cokali uku, ba madara, sukari kaɗan. Yakan ce ita ce ke riƙe masa ido a hanya. Wata safiya ya zo ya zauna, na miƙa hannu zan ɗauko gwangwanin, sai ya ce in dakata. A bayansa 'yarsa ce Hajara, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta zo hutu.

Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce, "Baba Sale, ƙara na kawo maka. Likita ya ce jininsa ya hau sosai, zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba. An ɗora shi a kan magani, an ce ya bar gahawar nan. A gida na hana, amma na san nan yake zuwa."

Alhaji ya ce, "Ka ji ta ko? So take in yi barci a kan sitiyari."

Ta zaro wani ɗan gwangwani daga jaka, bai kai na tumatir ba. Ta buɗe, sai ga gari kore shar, mai laushi kamar hodar jarirai. Ta ce sunansa maca, ganyen shayi ne da ake niƙawa a ƙasar Japan, ba a tacewa, da garin ake sha. Ta ce shi ma yana da abin da ke wartsake mutum irin na gahawa, amma idan aka yi rabin ƙaramin cokali bai kai cokali ukun da mahaifinta ya saba da su ba, kuma likitan ya yarda da kofi ɗaya a rana.

Ta ƙara da cewa, "Amma Baba, abin sha ne kawai. Ba magani ba ne. Maganinsa ƙwayoyin da ke aljihunsa. Don Allah ka riƙa tambayarsa ko ya sha."

Direbobin da ke benci suka ji "maca", su kuma a bakinsu ya zama "macce". Sati guda ana tsokanar Alhaji wai 'yarsa ta kawo masa macce daga Japan a cikin gwangwani.

Kofin farko da na haɗa, ko akuya ba za ta sha ba. Na yi masa yadda na saba: ruwa yana tafasa na kwara a kan garin, na juya da cokali. Ya dunƙule gudaji-gudaji, launin ya koma kamar ruwan kududdufi, ɗaci kuwa har maƙogwaro. Alhaji ya kurɓa ya ajiye, ya dube ni, ya ce, "Sale, me na yi maka?" Ina da shekara kusan talatin a sana'a a lokacin, amma ɗan garin nan ya mayar da ni ɗan koyo a gaban jama'a.

Na roƙi Hajara ta bar min gwangwanin. Kwana biyar ina gwadawa idan kasuwa ta lafa da hantsi, ɗan kaɗan-kaɗan don na ji tsadarsa. Na fara gano cewa tafasasshen ruwa ƙona shi yake yi. Sai an sauke buta, a juye ruwan a wani kofi, a jira har tururin ya daina tashi da ƙarfi. Na gano sai an tankaɗe garin da ɗan mataci mai laushi kafin ruwa ya taɓa shi. Sannan a ɗiga ruwa kaɗan a dama ya zama kamar kunu, kafin a ƙara sauran. Cokali ba ya yi masa. Hajara ta nuna min a waya wani abin kaɗawa da suke yi da gora, mai siraran haƙora da yawa. Na gwada maburgin miya, ya yi kauri. Na samo guntun gora wurin masu rufin ɗaki, na zauna da reza na tsattsaga bakinsa siri-siri, na jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi. Biyu sun karye, na uku ya yi. Kuma ba juyawa ake yi ba kamar fura, gaba da baya ake kaɗawa da wuyan hannu, da sauri, cikin kwanon tangaran mai faɗi, har kumfa ta rufe fuskar.

A rana ta shida Alhaji ya sha ya shanye, ya ce, "Kamar ɗanyen alayyafo. Amma ƙarshensa da ɗan zaƙi." Bayan ya dawo daga tafiya ya ce min idonsa ya tsaya, kuma hannunsa ya daina rawar da yake yi da gahawa. Daga nan ya zama ƙa'ida. Ya zauna, in ce, "Alhaji, an sha ƙwaya?" Ya zaro takardar maganin ya nuna min gurbin da ya ɓalle, sannan in ɗauko kwano.

Garin nan yana da fitina wajen ajiya. Zafi yana kashe shi, haske yana kashe shi, idan ka bar murfin a buɗe kusa da ƙwai da albasa sai ya kwashe warinsu. A gida nake ajiye shi, a gindin randa, in ɗebo na yini a ɗan kwalba mai duhu. Mutum huɗu ko biyar suka biyo Alhaji, har da Mista Yohanna, malamin sakandare da gahawa ke hana wa barci. Hajara ke aiko mana idan ta sami mai zuwa. Ba wata riba a ciki. Ina yi ne don masu shansa mutanena ne. Shekara biyu muna haka.

Sai muguwar shekara ta zo. Ita ce shekarar da hanyoyi suka lalace da tsoro, manoma da yawa suka kasa zuwa gonakinsu na nesa, motocin hatsi suka ragu, kayan shayi kuma suka yi tashin da ban taɓa gani ba. Da ina ƙarar da tukunya uku kafin hantsi, na koma ɗaya ma da ƙyar. A cikin wannan hali aka buɗe wani shago a tsallaken titi, can inda mai faci yake yanzu. Nura ne ya buɗe, ɗan maƙwabcina, saurayi sa'anku, a gabana aka raɗa masa suna. Ya shafa wa shagon koren fenti, ya sa injin markaɗe da ƙanƙara da kofunan roba masu murfi, ya rataya allo da manyan baƙaƙe: MACA. A ƙarƙashi an jera hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki, tumbi, sanyin ƙashi. Abokinsa yana ɗaukarsa a waya kullum, shi Nura yana bayani kamar wanda ya yi shekara bakwai a makarantar likitoci.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne arahar. Na san abin da ɗan gwangwani yake ci, shi kuwa cika kofi yake yi ya yi kauri, a farashin da bai wuce na shayi da madara ba. Na tsallaka da kaina na ce ya ba ni ɗaya ba sukari. Kurɓa ɗaya ta isa. Garin zogale ne, da 'yar kuka don ya yi kauri, da kalar da ake sa wa alawa.

Na ce, "Nura, zo gefe mu yi magana."

Ya ce, "Baba Sale, faɗi a nan, ba abin ɓoyewa."

Na ce, "Wannan zogale ne. Zogale ba abin kunya ba ne, uwarka tana kwaɗa shi, ni ma ina ci. Ka rubuta zogale ka sayar, Allah ya ba da kasuwa. Amma ka sauke allon nan. Wa ka taɓa warkarwa daga hawan jini?"

Ya yi dariya, ya juya wurin abokansa, ya ce, "Kun ji ko? Tsoho ya ga an kwashe masa kwastoma. Baba, zamani ya canza, kai kana can kana fama da tsinken gora." Aka kwashe da dariya, mai wayar yana ɗauka. Kafin la'asar rabin tashar nan sun ga bidiyon, an rubuta a kai wai hassada.

Ku gaya min, wane ne ya koya masa? A gaban wa ya taɓa wanke kofi ɗaya? Ya ga abu a waya da daddare, gari ya waye ya zama gwani, har da rubuta sunayen cututtuka a allo. Kuma mutane suka bi, saboda akwai fitila mai launi da ƙanƙara.

A daidai wannan lokaci gwangwaninmu ya ƙare. Hajara ta tafi wani kwas, aike ya tsaya. Na gaya wa Alhaji gaskiya, na ce ya yi haƙuri da shayi mara ƙarfi har a samu. Ya yi kwana uku yana sha yana ƙorafi. A rana ta huɗu ina kallo ya sauko daga kan babur, ya tsaya, ya waiwayo teburina, sannan ya tsallaka titi.

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na ji haushi. Mutumin da na fasa gora uku dominsa, ya wuce ni ya tafi wurin wanda ya mayar da ni abin dariya. Na ce a raina, idan na bi shi da magana za a sake cewa hassada ce. Zogale dai ba ya kisa, ya je ya sha. Kusan sati uku yana ɗaga min hannu daga nesa ina ɗaga masa. Ban tambaye shi ƙwaya ba ko sau ɗaya.

Abin da ban sani ba shi ne abin da ake gaya masa a can. Daga baya Mista Yohanna, wanda ya taɓa zama kusa da su, ya ba ni labari. Alhaji ya zaro takardar maganinsa zai sha, sai Nura ya ce, "Haba Alhaji, har yanzu kana kan wannan? Ai ƙwayoyin nan su ke lalata ƙoda. Kofi biyu na wannan a rana, sati biyu jininka ya sauka da kansa." Alhaji kuwa dama ya gaji da ƙwayoyin, ya mayar da takardar aljihu. Mista Yohanna ya ɗauka wasa ne, shi ma bai yi magana ba.

Ranar kasuwar Dandume, da rana tsaka, ana yi masa lodi yana tsaye yana nuna wa 'yan dako inda za su jera buhuna, sai bakinsa ya karkace, ya zube a gindin taya. Allah ya sa ba a kan sitiyari ba ne, da motar cike da masara a tsakiyar hanya. Aka kai shi asibiti a Funtua. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙi, yau sai an riƙe masa buta.

Na je dubiya. Hajara na bakin gadon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba Sale, na ga takardar maganin a aljihunsa, ba a taɓa ta ba tun farkon wata. Na ɗauka kana tambayarsa." Na tashi na fita.

Daga asibitin ban biya gida ba. Na zo na tsaya a ƙofar shagon Nura, da la'asar, tasha cike da mutane. Na ciro allon da hannuna na ajiye a tsakiyar titi, na ce wanda ke da wayar ya ɗauka, yau ma ina so a gani. Na faɗi abin da ke cikin kofin, na faɗi abin da aka gaya wa Alhaji, na faɗi inda yake kwance. Direbobi suka taso, da ƙyar dattawan tasha suka hana su fasa shagon. Aka kai magana gaban shugaban masu shayi da mai unguwa. Nura ya ce shi bai tilasta wa kowa ba, shawara ya bayar, kuma kowa yana faɗin haka a waya. Mahaifinsa ya yi ta ba da haƙuri yana share hawaye. Aka rufe shagon. Ko wata ɗaya ba a yi ba na ga Nura a wata unguwa yana sayar da cajar waya, kamar ba abin da ya faru.

Da aka sallamo Alhaji, likita ya ce zai iya shan ɗan kaɗan, mara ƙarfi. Hajara ta sake aiko da gwangwani. Tun daga lokacin, idan cunkoson safe ya wuce, nakan rufe tukunya in ɗauki filas da kwano in je zaurensa in kaɗa masa a gabansa. Da hagu yake sha, rabi yana zuba a riga.

Bara, bayan sallar layya, sai ga Nura a gaban teburin nan, ya durƙusa yana gaishe ni. Wai wani otal a Funtua yana neman wanda ya iya haɗa maca na gaske don baƙi, ya ce musu ya iya, yana so in nuna masa a kwana biyu.

Na ce, "Kwana biyu?"

Ya ce, "Ai ba wani abu ba ne, Baba, hannu ne kawai."

Na ce, "To. Ɗauki filas ɗin nan ka biyo ni. Darasin farko ba a nan yake ba."

Sai da muka shiga lungun ya gane inda za mu. Ya rage tafiya, na ce ya wuce gaba. Muka yi sallama. Alhaji yana kan tabarma, an jingina shi da bango, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Nura ya tsugunna daga bakin ƙofa, ya ce, "Alhaji, ina kwana, ya jiki?" Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Bakinsa ya yi ta motsi, yawu yana zubowa, yana neman kalmar. Ba wanda ya taimake shi. Can kalmomin suka fito, ɗaya bayan ɗaya.

"Likita... ka... zo?"

Nura ya ajiye filas ɗin a ƙasa ya fita. Takalminsa ɗaya ma a nan ya bar shi. Na goge wa Alhaji baki, na tankaɗe gari, na jira ruwa ya huce, na kaɗa masa ya sha.

Nura bai dawo ba, ni ma ban aika a kira shi ba. Na ji an ce otal ɗin sun ɗauke shi duk da haka.